Ba a Yi wa Likita Mubaya'a

A wurin jiran ganin likitan ciwon daji, a Shika ne ko a Sakkwato ko a Yamai, akwai tambayar da ba a cika ɗaga murya wajen yin ta ba. An yi wa mara lafiya ƙarin ruwan kemo sau uku cikin shida da aka tsara, suma ta zube, abinci ya daina shiga, kuɗin gonar da aka sayar sun yi rabi, sai zuciya ta fara ɗar-ɗar da shi likitan. Ko dai ba ya bayani, ko abin da ya faɗa a watan jiya ya saɓa da na yau, ko kuma wani ɗan'uwa ya kawo labarin wani ƙwararre a Abuja ko Alƙahira. A bar wannan a koma wancan? Idan dangi suka zauna a kan maganar, da wuya ka ji ana auna ta da ma'aunin asibiti. Da harshen tarbiyya da na addini ake yanke ta. Wani ya ce butulci ne a juya wa mutumin da ya tsaya a kanka baya, wata ta ce ai wannan rashin tawakkali ne, tunda likita ba shi ke warkarwa ba. Ni a ganina duka maganganun biyu sun ɗora amana a inda ba muhallinta ba. Amanar da ke wuyan mara lafiya ta jikinsa ce, kuma abin da ya wajaba ya riƙe da hannu biyu shi ne tsarin maganin da aka faro. Ana iya canza likita a tsakiyar magani, wani lokacin ma dole ne a canza shi. Abin da ba a wasa da shi shi ne ranakun maganin.

Mu fara da inda malamanmu suka ajiye likita. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure zai tuna cewa batun yin sharaɗi da likita a kan warkewa yana cikin babin ciniki da abin da ya yi kama da ciniki, kusa da batun biyan malamin da ke koyar da yaro. Wato fiƙihunmu ya ɗauki abin da ke tsakanin likita da mara lafiya a matsayin ƙulla aiki, irin na ijara ko jinga. An ɗauke shi ne saboda abin da ya iya, kuma iyawar ce ke riƙe da yarjejeniyar. Almajiri yakan sa hannunsa cikin na shehinsa ya yi alkawarin bi, talaka yakan yi wa sarki caffa, amma ba a taɓa jin an yi wa likita mubaya'a ba. Akwai ma abin da ya fi wannan fitowa fili a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. An kawo labarin wani mutum a zamanin Annabi (SAW) da ya ji rauni, jini ya taru a ciwon, aka kira mutum biyu daga ƙabilar Banu Anmar su duba shi, sai Annabi ya tambaye su wane ne ya fi iya magani a cikinsu. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, daga wannan labarin ya ciro cewa a kowane ilimi da kowace sana'a wanda ya fi ƙwarewa ake nema, domin shi ya fi kusa da dacewa. Abin lura shi ne an yi tambayar a gaban mutanen biyu, ba a tsaya tunanin ko ɗayansu zai ji an rage masa daraja ba. Raunin da ke jikin majinyacin ya fi fuskar masu maganin nauyi.

Wannan ya kai mu ga maganar butulci, wadda a wurin Bahaushe ba ƙaramar tuhuma ba ce. An raine mu a kan cewa wanda ya yi maka rana ba ka yi masa dare, kuma likitan da ya gano ciwon, ya samo maka gado lokacin da gadaje suka yi wuya, wataƙila har ya ɗaga waya ya nemo maka rangwamen magani, ya cancanci godiya har ƙarshen rai. Sai dai ana biyan bashin godiya da godiya, da addu'a, da faɗin alherin mutum a bayan idonsa. Ba a biyan sa da nono ko hanta ko rai. Likitan kirki ma ba zai so a saka masa ta wannan hanya ba, domin abin da ya sa ya yi ɗawainiyar tun farko shi ne mara lafiyar ya rayu. Kunya ado ce a wurare da yawa, amma idan ta hana mace ta ce wa babban likita, “Ranka ya daɗe, ina so wani ma ya duba sakamakon nan,” to ta fita daga kunyar da addini ya yaba ta koma tsoro. Su kansu likitoci sun daɗe da rubuta wa kansu wannan ƙa'ida. Sanarwar Lisbon ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya, wadda aka fitar a 1981 aka faɗaɗa ta a 1995, ta ba mara lafiya haƙƙin zaɓen likitansa, da canza shi, da neman ra'ayin wani likita a kowane mataki na jinya. A Najeriya kuma, kundin haƙƙoƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya ba shi haƙƙin samun bayanan jinyarsa. Wanda ya nemi abin da sana'ar da kanta ta ce nasa ne bai ci amanar kowa ba.

Maganar tawakkali ta fi zurfi, don haka ta fi saurin rufe baki. Ana cewa waraka ta Allah ce, ajali ba ya gaba ba ya baya, to mene ne na yawo daga wannan likita zuwa wancan? Amma idan aka bi wannan hujja zuwa ƙarshenta, ba canza likita kaɗai za ta hana ba, har zuwa wurin na farkon ma za ta hana. Sayyidina Umar ya riga ya amsa ta tun ranar da ya kai Sarg a hanyarsa ta zuwa Sham, ya ji annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tuhume shi da gudun ƙaddara, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka da raƙumansa a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora su, da ƙaddarar Allah ya kora su. Likita na biyu ma yana cikin ƙaddara kamar na farko. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barin sa zai kai ga rasa rai ko rasa wata gaɓa. Idan maganin wajibi ne, to neman wanda zai yi shi daidai ɓangare ne na wajibin, ba fita ba ce daga dogaro ga Allah.

Waɗannan hujjoji biyu su suka fi yawo a bakin dangi, amma ba su ne masu ƙarfi ba. Mai ƙarfin ta fito ne daga bakin likita, kuma tsohuwa ce. An ruwaito daga Abubakar Arrazi, babban likitan Rayyi da Bagadaza da ya rasu wajen 925, cewa ya kamata mara lafiya ya tsaya a kan likita ɗaya da aka amince da shi, domin kuskurensa kaɗan ne idan aka gwada da dacewarsa, kuma wanda ya bi likitoci da yawa yana gab da kwasar kuskuren kowannensu. Babu ciwon da wannan gargaɗi ya fi dacewa da shi kamar ciwon daji, domin maganinsa da lissafin kwanaki yake tafiya. Kemo da yawa ana ba da shi ne duk bayan kwana 21, kuma ba don jin daɗin ma'aikata aka zaɓi tazarar ba: lokaci ne da ɓargo zai farfaɗo ya sake samar da ƙwayoyin jini kafin ciwon ya samu sararin sake tohowa. A 1995 Gianni Bonadonna da abokan aikinsa a Milan suka fitar da sakamakon bin matan da aka yi wa maganin sankarar mama har shekara 20, aka ga waɗanda suka samu aƙalla kashi 85 cikin 100 na adadin maganin da aka tsara musu su suka fi cin moriyarsa. Gashi da na'ura ya ma fi haka tsanani. Mai sankarar bakin mahaifa ana gasa ta daga Litinin zuwa Juma'a, kuma ana so a kammala duka aikin, na waje da na ciki, cikin mako takwas. Kowace rana da aka ƙara a kan haka tana rage damar shawo kan ciwon da abin da ya kusa kashi 1 cikin 100. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga a 2020, wanda ya tattara bincike 34 da suka shafi mutum sama da miliyan ɗaya, ya nuna cewa kowane jinkirin mako huɗu kafin a fara wani mataki na magani yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin 100, gwargwadon irin ciwon da irin maganin. To mako huɗu kuwa ba komai ba ne a wurin wanda ya bar asibitinsa ya shiga neman biza, ko ya je sabon wuri aka ce ya buɗe kati, ya sake hoto, ya sake gwajin jini, ya jira layin na'ura. An saki reshe, ba a ma kai ga kama ganyen ba.

Na yarda da wannan duka, kuma shi ya sa tun farko na ce ranakun magani ake yi wa biyayya. Amma a duba maganar Arrazi da kyau. Ya sa sharaɗi, cewa likitan ya kasance wanda aka amince da shi, kuma abin da yake tsoro shi ne tarin hannaye a kan jiki ɗaya ba tare da ɗaya ya san abin da ɗaya ya yi ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda yake karɓar kemo a wurin wannan, yana shan ƙwayoyin wancan a ɓoye, yana haɗawa da jiƙon da aka aiko daga ƙauye, shi ne mutumin da Arrazi yake magana a kansa. Wanda kuwa ya tashi daga hannu ɗaya ya koma hannu ɗaya, da takardunsa cif, kuma ranar ƙarin ruwansa na huɗu ta same shi a kan gadon sabon asibitin, bai karya ƙa'idar ba, har yanzu likitansa ɗaya ne. Saboda haka ba a sallamar na farko sai na biyu ya ga fayil, ya ce ya karɓa, ya ba da rana. Takardun kuma ba ado ba ne. Akwai maganin kemo ja da ake kira doxorubicin, wanda ake yawan ba masu sankarar mama, yana taruwa a jiki yana raunana zuciya, har an yi masa iyakar da ba a so mutum ya wuce a duk tsawon rayuwarsa, tsakanin miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Sabon likitan da bai san nawa aka riga aka bayar ba yana iya kashe ciwon ya kashe zuciyar tare. Haka wurin da aka taɓa gasawa, akwai iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma fata ba ta faɗin adadin da ta sha. Tsokar da aka yanka aka gwada tana nan a ɗakin gwaji cikin kakin da aka daskarar da ita, ana iya neman ta a kai wa wani masani ya sake dubawa ba tare da an sake yanka mutum ba. Mutanenmu da yawa sukan je wa sabon likita kamar ba a taɓa yi musu komai ba, don kunyar kada a ce sun gudo daga wani wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saura tambayar da ta fi ba ni wahala. Mara lafiya ba likita ba ne, to da wane ilimi zai ce wannan ya gaza, wancan ya fi? Manomi daga Ɓatagarawa ko malamar firamare daga Azare ba su san bambancin wannan haɗin magani da wancan ba, kuma kemo ko an yi shi daidai yana sa amai da kasala da zubewar suma, ta yadda wahalar da ake sha ba hujja ba ce cewa an yi kuskure. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ci karo da irin wannan matsala a cikin Almustasfa lokacin da yake bayanin yadda wanda ba malami ba zai zaɓi wanda zai yi wa fatawa, kuma abin sha'awa da likita ya buga misali. Ya ce uban da ɗansa ba shi da lafiya, idan ya ba shi magani da ra'ayin kansa ya yi sakaci, idan ya je wurin likita ya fita, amma idan likitoci biyu ne a garin suka saɓa, ya bar maganar wanda ya fi, to ya sake yin sakaci. Yadda zai gane wanda ya fi kuwa shi ne ta shaidar jama'a da ta yawaita, da yadda sauran masu sana'ar suke sallama masa, da alamomin da ke sa zato ya rinjaya. Wato ba a ɗora wa jahilin fanni sanin fannin ba, an ɗora masa lura. Kuma alamomin a ciwon daji ba ɓoyayyu ba ne. Shin an yanki tsoka an tabbatar da ciwon kafin a fara magani, ko da ido aka yanke hukunci? Shin an gaya maka matakin da ciwon ya kai, da ko ana neman warkewa ne ko sauƙaƙawa? Mai sankarar mama, an yi mata gwajin da ke nuna ko ciwonta mai jin tamoxifen ne ko mai buƙatar trastuzumab? Ana duba jini kafin kowane ƙarin ruwa? Likitan yana kai batunka zaman da likitan tiyata da na gashi da masanin gwajin tsoka suke haɗuwa, ko shi kaɗai yake kiɗansa yake rawarsa? Wannan zama ba ƙaramin abu ba ne: a wani bincike da aka buga a 2006 daga Jami'ar Michigan ta Amurka, mata 149 masu sankarar mama da aka sake duba batunsu a irin wannan zama, an canza shawarar tiyatar fiye da rabinsu. Sai kuma alamar da ta fi kowace sauƙin gani, wato yadda fuskar likita take komawa idan ka ce kana son jin ta bakin wani.

Kwatancen Gazali yana da wani gefe mai kaifi, kuma adalci ne a juyo da shi. Malaman da suka halatta a bar mufti a tafi wurin wanda ya fi shi sani, su ne kuma suka yi tir da mai bin malamai ɗaya bayan ɗaya yana farautar wanda zai ba shi fatawar da ransa yake so. Akwai canza likita irin wannan, kuma ina jin ya fi ɗayan yawa a cikinmu. Likita ya ce sai an cire nono, ko ya ce ciwon ya bazu, abin da ya rage shi ne a rage zafi a ƙara kwanaki masu daɗi, sai a tattara a bar shi, ba don ya yi kuskure ba, don ya faɗi gaskiya. Daga nan a shiga neman mai bushara, kuma mai bushara ba ya wuyar samu: akwai dillalin asibitin ƙasar waje da ladansa ke kan kowane majinyacin da ya kai, akwai mai lasifika a bakin kasuwa da ke warkar da daji da basir da sanyi da kwalba ɗaya. Bayan wata biyar a dawo wa likitan farko da ciwon da ya fashe. Gwajin da mutum zai yi wa kansa a nan ɗaya ne: idan na biyun ya maimaita abin da na farkon ya faɗa, zan karɓa? Wanda amsarsa e ce, ƙwarewa yake nema. Wanda ya san a ransa cewa zai wuce wurin na uku, to daga labarin yake gudu, kuma a nan ne maganar yarda da ƙaddara take da gurbi na gaskiya.

Za a ce duk wannan zance ne na masu hali, kuma akwai gaskiya a ciki. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna Najeriya na samun sababbin masu ciwon fiye da 120,000 a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa, alhali cibiyoyin da ke da na'urar gashi ba su taka kara sun karya ba. Nijar sai a 2021 ta buɗe cibiyar gashi ta gwamnati ta farko a Yamai, mutumin Damagaram kuwa sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900 kafin ya isa. Wanda da ƙyar ya samu likita ɗaya, ina ya ga na biyu? Sai dai tsakanin zama shiru da tattara kaya akwai matakai masu araha: a nemi ganin babban likitan sashen maimakon ƙaramin da aka saba gani, a roƙi a kai fayil zaman likitoci, a ɗauki kwafin sakamako a kai wa wani ya karanta a dawo. Sau da yawa ra'ayi na biyu yakan ƙare da mutum ya koma wurin likitansa da zuciya ɗaya, wannan ma riba ce. Rashin kuɗi yana kuma jawo wata matsalar da ba a son faɗa, ta wane ne ma yake yanke shawarar. Sau tari miji ne ko yaya ko ɗan da ke biyan kuɗi yake cewa a tashi ko a zauna, ita mai ciwon ko sunan ciwonta an ɓoye mata. Hukuncin Jidda da na ambata ya sharɗanta izinin mara lafiya matuƙar yana cikin hankalinsa. Mai biyan kuɗi yana da lada, yana da bakin ba da shawara, amma jijiyar da za a sa wa allurar ba tasa ba ce.

A ƙasarmu ma, in za a faɗi gaskiya, ba kullum majinyaci ne ke barin likita ba. Likita yakan samu aiki a Saudiyya ko Ingila ya tafi tsakanin ƙarin ruwa na biyu da na uku, na'ura takan tsaya, yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa na Najeriya a 2021 ya ɗauki kimanin wata biyu, kuma a manyan asibitocin koyarwa mutum yakan ga sabuwar fuska kusan duk zuwa. Ba wanda ya kira wannan butulci. Abin da ke tsare mara lafiya a duk waɗannan sauye-sauye shi ne abin da aka rubuta, don haka nauyin ƙarshe yana komawa kan likitan da ake shirin bari. Idan majinyaci ya zo da kansa a sunkuye ya ce zai koma wani wuri, likitan yana iya ɗaure fuska ya ce fayil ya ɓata, yana kuma iya jawo takarda ya rubuta sunan ciwon da matakinsa, da sunan kowane magani da adadin da aka bayar da ranar da aka bayar, da abin da jikin ya ƙi karɓa, da wurin da aka gasa da yawan abin da ya sha, sannan a ƙasa ya ja layi a ƙarƙashin ranar da ƙarin ruwa na gaba ya kamata ya shiga, ya sa lambar da abokin aikinsa zai same shi idan yana da tambaya.